Kiwon Ƙwarin Ruwa a Gida: Shawarwari 12 ga Iyaye da Yaransu

Idan damina ta kankama, kududdufai suka cika suka batse, akwai tsarabar da yara kan shigo da ita gida: tsohuwar robar lemo cike da ruwa mai launin ƙasa, wasu ƙananan halittu suna kai da komo a ciki. Yawanci uwa ba ta tsayawa dubawa. Takan tuttular da ruwan a kwata, ta ja kunnen yaron kada ya ƙara kwaso mata ƙazanta. Tana da gaskiyarta, domin ruwan kududdufi ba abin wasa ba ne. Sai dai a cikin robar nan akwai abin da ya cancanci a tsaya a duba. Wancan mai launin laka da ya laɓe a gindin roba, mai manyan idanu da ƙafa shida, ɗan mazari ne. Da zai sami abinci da ɗan tsinke da 'yan makonni, da wata asuba sai ya hau tsinken, bayansa ya tsage, mazari ya fito a gaban idon yaron.

Mu mutanen kiwo ne tun fil azal: kaji, zabbi, tattabaru, zomaye, kanari a keji, yanzu har da tarwaɗa a tankin bayan gida. Kiwon ƙwarin ruwa ne bai shigo mana ba tukuna. A Japan kuwa sanannen abu ne. Makarantun firamare da yawa a can, kafin su zubar da ruwan wurin ninƙayarsu don wanke shi a farkon lokacin zafi, sukan sa ɗalibai su kwashe 'ya'yan mazarin da ke ciki, su rene su a aji ko a gida har su tashi. Ƙaton ƙwaron ruwan da suke kira tagame ya yi ƙaranci a gonakin shinkafarsu, har a 2020 hukuma ta hana kama shi don sayarwa. Mu kuwa danginsa suna nan birjik, daga fadamun Haɗeja da Nguru zuwa tafkin Madarumfa, har ramin da aka haƙi ƙasar gini a bayan unguwa.

Wannan kiwo ba ya cin kuɗi, ba ya cin wuri, ba ya jiran wutar lantarki. Abin da yake nema shi ne kula, da kuma sanin cewa aro aka yi daga tafki, za a kuma mayar. Ga yadda za a yi shi ba tare da an cuci ƙwaron ba, ba kuma tare da an jawo wa gida ciwo ba.

1. Ku fara sanin waɗanda ke cikin ruwan

Kowane gari da sunan da yaransa ke kiran waɗannan ƙwari, don haka bari in siffanta su yadda za ku gane su da ido.

Ɗan mazari ba shi da fukafukai, sai 'yan kumburi a gadon bayansa. Leɓensa na ƙasa dogo ne, a naɗe yake a ƙarƙashin fuska, in abinci ya gifta sai ya cilla shi kamar hannu ya cafko. Ta dubura yake zuƙar ruwa ya tace iskar da ke ciki, in kuma ya firgita sai ya feso ruwan da ƙarfi ya yi gaba kamar kibiya. Yana da wani siririn ɗan'uwa mai abu kamar ganye uku a wutsiya, wanda ke zama siririn mazarin nan mai haɗe fukafukansa a baya idan ya sauka.

Ƙwaro mai nutso sumul yake kamar ƙwallon dabino, baƙi ko mai duhun kore, ƙafafunsa na baya masu gashi ne yana tuƙi da su. Yakan taso ya fito da gindinsa saman ruwa, ya ɗebi iska ya ɓoye a ƙarƙashin fukafukansa, ya koma ƙasa. Irinsa sun haura 4,000 a duniya.

Kunamar ruwa kamar busasshen ganye take, da hannaye biyu na kamu da doguwar wutsiya kamar tsinke. Wutsiyar ba ta harbi, bututun numfashi ce da take miƙawa saman ruwa. Mai iyon rigingine kuwa cikinsa ne a sama, bayansa a ƙasa, dogayen ƙafafunsa biyu a buɗe. Akwai mai dogayen ƙafafu da ke tafiya a kan ruwa bai nutse ba. Akwai kuma ƙananan baƙaƙe masu zagaye a saman ruwa cikin ayari, waɗanda kowane idonsu ya rabu biyu, rabi yana kallon sama, rabi yana kallon cikin ruwa.

Sai babbansu, ƙaton ƙwaron ruwa mai faɗin jiki, wanda kan faɗo gindin fitila da dare a damina. A wasu irinsa macen tana manna ƙwanta a bayan namijin, shi zai yi ta goyo har a ƙyanƙyashe.

2. Ku fara da mai sauƙin hali

Ga gidan da bai taɓa yi ba, ɗan mazari ɗaya ko ƙwaro mai nutso biyu sun isa. Ɗan mazari ba ya cutar da mutum, kuma ƙarshen renonsa akwai abin kallo. Ƙwaro mai nutso yana da juriya, yana cin mataccen abu, yana iya shekara ko fiye a hannun mai kula. Kunamar ruwa ma ba ta da rigima, sai dai ba ta cika motsi ba, ƙaramin yaro yakan gaji da kallonta.

Ƙaton ƙwaron ruwa na manya ne, saboda cizonsa. Waɗanda kuma ake samu manne a ƙarƙashin duwatsu a rafi mai gudu, a bar su inda suke. Sun saba da ruwa mai sanyi mai yawan iska, kwana ɗaya a kwalba yakan kashe su. Na ruwan kwance su ne ke jure zaman gida.

3. Kamu aikin babba ne, yaro ɗan rakiya ne

Duk damina muna jin labarin yaran da kududdufi ya ci. Saboda haka kada yaro ya je kamu shi kaɗai, kada kuma kowa ya shiga ruwan. Daga bakin gaɓa ake yi. A ɗaure tsohuwar rariyar tatar koko ko ta roba a kan doguwar sanda, a ja ta a hankali ta cikin ciyawar gefen ruwa da saman laka, a juye abin da ta kwaso a farin kwano mai ɗan ruwa. A jira laka ta kwanta, duk mai rai zai motsa. Da cokali ake ɗaukar wanda ake so, sauran a mayar nan take.

Ku zaɓi ruwa mai ciyawa da bado da kainuwa, wanda mazari ke shawagi a kansa. Ku guji kududdufin da kwatocin unguwa ke zuba a ciki, da gonar shinkafar da aka yi wa feshi kwanan nan. Wajen dawowa gida, kada a cika roba da ruwa a rufe. Masu shaƙar iskar sama suna nutsewa su mutu idan ruwa yana ta kaɗa su babu abin kamawa. Ruwa kaɗan da jiƙaƙƙiyar ciyawa mai yawa ya fi, kuma kowane mafarauci a robarsa.

4. Katantanwa ba ta shiga gida

Wannan ita ce dokar da ba a sassautawa. Ƙwayar cutar tsargiya a jikin ƙananan katantanwar ruwa take girma, ta fito ta yi iyo, ta huda fatar wanda ya taɓa ruwan. Katantanwa ɗaya mai ɗauke da ita za ta yi makonni tana zuba ta a cikin mazubinku kullum. In babu katantanwa kuwa, ƙwayoyin da suka riga suka fito ba sa wuce kwana biyu zuwa uku da rai. Don haka duk abin da ya zo daga tafki, ruwa ne ko ciyawa, a tsince katantanwar da ke ciki tas, a duba bayan ganye a kankare ƙwanta mai kama da ɗigon ƙaro, sannan a ajiye shi kwana uku babu mai sa hannu.

Wajen kamu a sa safar hannu ta roba, ko a zura hannu a leda mai kauri. Tsakar rana ce lokacin da ƙwayar tsargiyar fitsari ta fi yawa a ruwa, shi ya sa sassafe ya fi dacewa. In kuma an ga jini a fitsarin yaro, kada a ɗauka alamar girma ce kamar yadda wasu ke cewa. Ciwo ne, yana da magani mai suna Praziquantel, a kai shi asibiti. Ruwan mazubin kuma ba na sha ba ne ko kaɗan, a nisanta shi daga hannun mai rarrafe.

5. Ku gina masa ɗan tafki

Mazubi mai faɗin baki ya fi mai zurfi, domin ta saman ruwa iska ke shiga. Farar robar da ake gani ta cikinta mai cin lita 5 zuwa 10, ko babbar kwalba, ko akwatin gilashi na kifi, duk sun yi. Kaskon ƙasa ma yana da kyau saboda yana sanyaya ruwa, sai dai ta sama kawai za a yi kallo. Kada a yi amfani da abin da ya taɓa ɗaukar fetur, kalanzir, fenti ko maganin feshi, ko da an wanke shi sau goma.

A shimfiɗa yashi mai kaurin yatsa biyu, wanda aka wanke aka shanya a rana. A sa tsakuwa biyu ko uku, da ɓallin fasasshen tulu don ɓuya, da busassun ganyen mangwaro kaɗan. A kafa busasshen ice mai kaushi ko tsinken tsintsiyar kwakwa wanda ya fito sama da ruwa, domin kowane ƙwaron ruwa yana son abin kamawa, wasu ma sukan fito su sha iska. Kainuwa ɗaya ko biyu da aka wanke saiwarsu sosai za su ba da inuwa. Ganye ko icen darbejiya kada ya kusanci mazubin: sinadarin da ke cikinsa, wanda ya sa manoma ke kare hatsi da shi, yana hana ƙwari ci da girma.

Zurfin ruwa ya danganta da baƙon. Kunamar ruwa santimita 5 zuwa 10, yadda wutsiyarta za ta kai sama tana riƙe da ice. Ɗan mazari santimita 10 zuwa 15. Ƙwaro mai nutso yana son fili, santimita 20 ba ta yi masa yawa ba.

6. Murfi dole ne, amma ba na gidan sauro ba

Mutane da yawa ba su san cewa manyan ƙwarin ruwa suna tashi ba. Da haka suke ƙaura daga tafkin da ya ƙafe zuwa wani, kuma da dare suka fi yi. Mazubin da aka bari a buɗe, da safe wayam za a tarar da shi. Murfin yana kuma hana sauro shiga ya yi ƙwai, yana tsare ƙwarin daga tsaka da ƙadangare da kaji.

A yi shi da ragar taga ko yanki na tsohon mayafi shara-shara, a ɗaure da roba ko igiya, a bar tazarar kamu ɗaya tsakaninsa da ruwa. Kada a yanki gidan sauron da ake rabawa a asibiti. Akwai maganin kashe ƙwari a jikin zarensa, kuma ba ya bambanta sauro da ɗan mazari. Haka nan kada a yi abin kamu da shi, domin zai zuba guba a tafkin ma.

7. Ruwa ba ya tsami banza

Ruwan sama da aka tara a mazubi mai tsabta shi ne kan gaba, sai na rijiya. Na famfo yana iya zuwa da kulorin, a bar shi a buɗaɗɗen bokiti kwana biyu, da raga a kai, kafin a yi amfani da shi. A ranar farko a haɗa da ɗan ruwan tafkin da ƙwaron ya fito, don kada sauyin ya yi masa tsanani.

Duk mako a kwashe kashi ɗaya cikin uku a zuba sabo wanda ya kwana a ɗaki ɗaya da mazubin, yadda ɗuminsu zai zo daidai. Ba a juye ruwan duka a lokaci guda, ba a kuma wanke mazubi da sabulu ko omo. Ɗigon sabulu kaɗan ya isa ya nutsar da mai tafiya a kan ruwa, ya kuma hana mai nutso riƙe iskarsa. In ruwa ya yi fari-fari, ko ya fara wari, ko maiƙo ya kwanta a samansa, to akwai abin da ke ruɓewa a ciki, kuma yawanci ragowar abinci ne. A nemo shi a cire, a sauya rabin ruwan. Gansakuka kaɗan a jikin gilashi ba laifi ba ce. Tsohon ruwan kuma a zuba shi a busasshiyar ƙasa inda rana ke bugu, ba a kwata ba.

8. Ku zaɓi wurin ajiya da lura

Ruwa kaɗan saurin zafi gare shi, kuma ruwa mai zafi ba ya riƙe iska sosai. A watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Kano da Sakkwato da Maraɗi, kwalbar da aka bari a rana awa ɗaya ta zama tukunya. A ajiye mazubi inda haske ke shiga amma rana ba ta sauka a kansa, kamar inuwar baranda ko kusa da randa. In zafi ya tsananta a naɗe shi da jiƙaƙƙen buhu. Da hunturu kuma a shigar da shi ɗaki da dare, kada a damu idan cin abincinsu ya ragu.

Abin da ya fi zafi kisa shi ne maganin sauro. Na taɓa asarar ƙwari uku masu nutso a dare ɗaya, waɗanda muka yi wata huɗu muna reno, saboda an kunna maganin sauro na hayaƙi a ɗakin da suke. Har yau ina tuna fuskar yaran da safen nan. Feshi, hayaƙi, fiya-fiya, duk ɗaya ne a wurinsu. Ba a daina kare iyali daga sauro saboda ƙwaro, amma a fitar da mazubi kafin a sa magani, kada a dawo da shi sai ɗakin ya sha iska sosai. Wanda ya shafa man korar sauro ma ya wanke hannu kafin ya taɓa kayan kiwon.

9. Kowane mafarauci da ɗakinsa

Kusan duk waɗannan ƙwari mafarauta ne, kuma ba su san zumunta ba. Babban ɗan mazari yana cin ƙaraminsa. Tsutsar ƙwaro mai nutso, mai dogon jiki da haƙora biyu kamar lauje, tana kashe abin da ya fi ta girma. Ƙaton ƙwaron ruwa yana kama ƙananan kifi da kwaɗi. Wanda ya tara su wuri ɗaya, cikin mako zai ga saura guda.

Manyan ƙwari masu nutso 'yan iri ɗaya suna iya zama tare in akwai fili da abinci. 'Ya'yan mazari masu girma ɗaya ma biyu ko uku za su zauna a babban mazubi mai yawan maɓoya. In ba haka ba, kowa da kwalbarsa. Kada kuma a haɗa su da kifin ado ko 'ya'yan tarwaɗa: ko kifin ya ci su, ko su ci kifin.

10. Abinci kaɗan, a kan kari

Ɗan mazari da kunamar ruwa da mai iyon rigingine ba sa kula abin da ba ya motsi. Abincinsu tsutsar sauro, jajayen tsutsotsin laka, ƙananan tana, da talibambam ga manyansu. In babu mai rai, a soke ɗan guntun tana a tsinke a riƙa kaɗa shi a gaban ɗan mazari, zai cafke. Masu zama a saman ruwa kuma ƙwarin da suka faɗo suke ci: ƙuda, gara, shinge, ƙaramar fara. Kada a ba su wanda magani ya kashe.

Ƙwaro mai nutso ya fi sauƙi. Ɗan guntun ɗanyen kifi ko busasshe mara gishiri mara mai, kamar girman ƙwayar masara, sau uku a mako ya ishe shi. Yana jin ƙamshinsa daga nesa, kuma kallon yadda yake nemo shi abin sha'awa ne. Tuwo, burodi, shinkafa da soyayyen nama ba abincinsu ba ne, ruwa kawai suke ɓatawa. Duk abin da ba a cinye ba bayan awa biyu a cire shi da cokali ko sirinji mara allura. Kunamar ruwa da ƙaton ƙwaro tsotse abincinsu suke yi su bar ɓawo, shi ma a kwashe. A wannan kiwo, yawan ciyarwa ya fi yunwa kisa.

11. Kada kiwon ƙwaro ya koma kiwon sauro

Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya a Najeriya suke. Gidan da ya ajiye ruwa a kwance ya ɗauki nauyi, dole ya san rayuwar sauro. A lokacin zafi, daga ƙwai zuwa sauro mai tashi mako ɗaya zuwa biyu ne. Tsutsar mai kawo maleriya tana kwanciya ne a miƙe a saman ruwa, sauran kuwa suna rataye kai ƙasa. Idan tsutsa ta dunƙule ta zama mai ƙaton kai kamar waƙafi, saura kwana ɗaya ko biyu ta tashi.

Don haka ba a ajiye ruwa musamman don a tara tsutsar sauro. A kwaso ta daga inda ta riga ta taru, kamar tsohuwar taya, gwangwani ko kaskon kaji, a kifar da ruwan wurin, a ba ƙwaro iya abin da zai cinye a yinin. Ta haka ciyar da shi ya zama sharar sauron gida. Babban ɗan mazari yana cinye goma ko fiye a rana. A birnin Yangon na ƙasar Myanmar masana sun taɓa haɗa kai da mazauna wata unguwa suka zuba 'ya'yan mazari a mazuban ruwan gidaje, sauron da ke yaɗa zazzaɓin dengi ya ragu ƙwarai, aka wallafa sakamakon a 1990. Wannan ya nuna ƙarfin cinsu, amma randar shanmu murfi ne maganinta, ba a sa mata ƙwaro.

Hannu kuma a kiyaye shi. Ƙaton ƙwaron ruwa, kunamar ruwa da mai iyon rigingine suna da baki kamar allura, cizonsu da zafi. In ya faru a wanke da ruwa da sabulu, a ɗora abu mai sanyi. In kumburi ya yi ta yaɗuwa ko numfashi ya yi wuya, sai asibiti ba jira. A Binin da Kwaddibuwa da Kamaru masana sun sami ƙwayar cutar gyambon Buruli a jikin wasu ƙwarin ruwa masu cizo, don haka 'yan'uwa mazauna kurmi su ƙara kula, duk ƙullutu ko gyambon da ya ƙi warkewa a nuna wa likita. Cokali da rariya su ne hannun mai wannan kiwo.

12. Ku shirya wa daren da mazari zai fito

Ɗan mazari yana saɓa kamar maciji, sau goma ko fiye kafin ya girma. Idan kun ga fatarsa a ruwa kada ku zaci mutuwa ya yi. Bayan saɓa jikinsa fari ne da laushi, a ƙyale shi yini guda. Wasu irin suna watanni a ruwa. Mai ruwan ɗorawar nan da ke shawagi cikin ayari a damina, wanda masana ke kira Pantala flavescens, ƙasa da wata biyu yake yi, domin a ruwan da ke saurin ƙafewa yake girma. Irinsa ne ke ƙetare teku daga Indiya zuwa gabashin Afirka.

Idan lokaci ya matso za ku ga alamu. Kumburin bayansa zai ƙaru, zai daina ci na 'yan kwanaki, ya riƙa zama a jikin ice kansa a waje da ruwa. A ranar a tabbatar icen ya kafu daram, ya fito sama da ruwa kamar kamu ɗaya, babu abin da zai taɓa fukafukai ta kowane gefe. A ɗaga ragar murfin da tsinkaye ta zama kamar rumfa, a kuma duba babu tururuwa ko cinnaka a kusa.

Yawanci cikin dare ko gab da asuba yake hawa. Zai kama icen da kyau ya yi shiru. Sai fatar bayansa ta tsage, kai da ƙirji su fito, ya dakata har ƙafafunsa su yi ƙwari, sannan ya zaro sauran jikinsa. Fukafukan a cukurkuɗe suke fitowa kamar jiƙaƙƙen tsumma, yana tura ruwan jikinsa cikin jijiyoyinsu suna miƙewa a hankali har su zama kamar gilashi. Abin yana ɗaukar awa ɗaya zuwa 'yan awoyi. Kada a taɓa shi, kada a girgiza mazubin, domin fiffiken da ya lanƙwashe a wannan lokaci ba ya ƙara miƙewa. Ku tashi yaran ko da barci ya yi daɗi. Gani ya kori ji, kuma darasin da malamin kimiyya zai yi mako yana zanawa a allo, ga shi a tsakar ɗakinku.

Da hantsi a buɗe raga a waje. Mazari ba ya zama a keji, a sararin sama yake farautar sauro da ƙananan ƙudaje. A bar wa yaro busasshiyar fatar da ta rage a jikin ice, ya manna ta a littafin da yake rubuta ranar kamu, ranakun saɓa da abin da aka ci kullum.

Sauran ƙwarin ma ranarsu tana zuwa. Idan za a yi tafiya, ko sha'awar yara ta ragu, ko tsutsar mai nutso ta daina ci tana neman fita don ta shiga danshin ƙasa ta rikiɗa, a mayar da su ruwan da aka ɗebo su. In ya ƙafe, a kai su mafi kusa da shi. Malamanmu sun kafa hujjar halaccin yaro ya riƙe ɗan tsuntsu da labarin Abu Umair, ƙanin Anas ɗan Malik, sun kuma tsoratar da mu da labarin matar da ta kulle kyanwa ba ci ba sha har ta mutu. Tsakanin labaran nan biyu wannan kiwo yake. Yaron da ya tashi da asuba ya cire ragowar abinci, ya sauya ruwa, ya kuma buɗe raga da hannunsa ya bi mazarinsa da kallo har ya haye katanga, ya fara koyon riƙon amana tun daga abin da bai kai tsawon yatsansa ba.